Ranar da Muka Kaɗa wa Malam Ƙararrawa a Mansur

Maigidana gyaran keke yake yi a Mansur, wata unguwa a Makka. Rumfarsa tana manne da bangon gidanmu, daidai bakin lungu, saboda haka duk hirar da aka yi a can ina jin ta daga madafa ko ban so ba. Da gwangwanayen kananzir aka yi rumfar, an farke su an miƙar an kafa a jikin katako, kamar yadda aka yi rabin gidajen unguwar a farkon shekarun sittin ɗin nan. Idan rana ta take ko ƙuda ba ya son zama a ciki, amma shi yana nan da sifanarsa, yana 'yan waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa.

Ni a hanya aka haife ni, a wani ƙauye na Sudan inda iyayena suka yada zango suna aikin auduga kafin su ƙaraso. Shi kuwa yana ɗan ƙarami ya shigo Makka, riƙe da hannun mahaifinsa. Hausar Kano muke yi a gida, sai dai ta sha Larabci har ta ƙoshi. A lokacin da abin nan ya faru 'yarmu ta fari tana goye, ni kuma ina toya waina a ƙofar gida da safe.

Wata safiya bayan ƙaramar salla ina juya waina, sai na ga inuwa ta tsaya a kaina. Na ɗaga kai na ga wani dattijo dogo, siriri, da tabarau da baƙar lema, ya zuba wa tanda ido kamar wanda ya yi karo da ɗan'uwansa a kasuwa.

"Baiwar Allah," ya ce, "waina ce wannan, ko idona ne?"

"Waina ce, Baba."

"Alhamdu lillahi. Zuba mini, kuma kada ki tsaya sai na ce ya isa."

Ya zauna a bencin maigida ya ci, ya ƙara, sannan ya sami bakin magana. Ashe malamin makarantar boko ne daga ƙasar Zazzau, ya ajiye aiki, ya zo tun cikin azumi da niyyar zama har aikin hajji. An sauke shi a Jarwal, kusa da Harami, ɗaki ɗaya da mutane da yawa. Kusancin ya yi masa daɗi, amma cikinsa ya gaji da gurasa da wake safe da yamma. Wani ne ya ce masa ya nufi Mansur, zai ji ƙanshin gida. Maigida bai bari ya gama ba ya ce ai ga ɗakin marigayi mahaifinsa nan a rufe, ba komai ciki sai tabarma da buta. A makon nan Malam ya kwaso akwatinsa ya dawo wurinmu.

Da yake mun fi Jarwal nisa da Harami, maigida ne yake goya shi a keke idan za su salla. Mutanen lungu sukan fito kallo. Maigida gajere ne, yana gaba yana ta tuƙi yana haki, Malam a baya zaune tsaf ya buɗe lema, ƙafafunsa suna neman jan ƙasa.

Maigida ya daɗe yana son Turanci. Duk kwalin kayan keke da ya zo daga Jidda da rubutun Turanci a jikinsa, shi kuma abin yana ci masa rai, a ce yana taɓa abu kullum bai san me aka rubuta a kai ba. Ya faɗa wa Malam. Malam ya ce shi ma hannunsa ƙaiƙayi yake yi tun da ya rabu da allo da alli. Ya ciro wani ɗan littafin karatu na yara daga akwati, wai ya shigo cikin kayansa ne bai sani ba. Ni dai ban yarda ba. Suka fara karatu bayan la'asar, a bencin nan. Ni ina daga ciki ina tsintar shinkafa, kunnena yana wurinsu.

Sun ɗan yi nisa, har maigida ya fara karanta layi guda ba tare da ya tsaya ba, ranar da suka iso kan labarin wani biki. Akwai hoto, daga baya na gani: amarya da fararen kaya, ango da baƙar kwat, a bayansu wani gini mai hasumiya. Maigida yana karantawa yana tuntuɓe, sai ya zo kan wata gajeriyar kalma ya tsaya. Peal ake rubuta ta.

"Faɗe ta," in ji Malam.

"Fil."

"A'a. Haɗa leɓenka ka matse, sannan ka saki iska. Saurare ni." Malam ya maimaita masa, da wannan harafin nasu da bakinmu ba ya so.

Maigida ya haɗa leɓe, ya kumbura kumatu, ya ce, "Fil."

A ranar mai kananzir na unguwarmu yana zaune a wurin. Mutumin Yaman ne, yana yawo da amalanken jaki da tanki a kai, yana kaɗa ƙararrawar hannu don mata su fito da kwalabe. Tayarsa ce ta sace, maigida ya ce ya jira a gama karatu. Yana jin Hausa sama-sama. Da ya ji kalmar sai ya gyara zama, ya ce da Larabci, "Fil? Ina giwar? Nuna mini hoton." Don a Larabci fil giwa ce.

"Babu wata giwa," in ji maigida. "Malam, ko irin namu ne, sabo fil? Ai amarya ce."

Ni kuma bakina bai iya yin shiru ba, na ɗaga murya daga ciki na ce, "Ko fil ɗin kama mayafi? Ai amarya ba ta rasa shi."

Malam ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce duk ba mu canka ba. Kuma don ya ƙara rikita mu, ya ce akwai wata kalmar a Turanci mai sauti iri ɗaya sak, bambancinsu harafi guda, ita kuma ɓawon lemo take nufi. Amma wannan ta cikin littafi sunan ƙarar ƙararrawa ne. Ba kowace ƙara ba, wadda ake yi don murna.

Mu kuwa a Makka wa ya taɓa jin an kaɗa ƙararrawa don murna? Murnarmu guɗa ce, sai ganga idan an yi nesa da masu hanawa, sai kuma igwar da ake bugawa idan an ga wata. Maigida ya rufe littafin ya ce ba zai ci gaba ba sai an yi masa bayani.

Malam ya ce shi ma sau ɗaya ya taɓa ji a rayuwarsa. Yana tsakiyar aiki aka tura shi Ingila ƙarin karatu na 'yan watanni, aka sauke shi a gidan wata tsohuwa a wani ƙaramin gari. Wata Asabar da hantsi yana zaune ya naɗe ƙafa da bargo, sai ya ji gari ya ɗauka gaba ɗaya. Ya zaci gobara ce. Ya sheƙo ƙasa da takalmi ƙafa ɗaya, ya tarar da tsohuwar tana yanka albasa hankalinta kwance. Ita ce ta faɗa masa kalmar, ta ce 'yar mai gidan burodi ake ɗaura wa aure, ya je ya gani in yana so.

"Na fita na tsaya daga nesa," in ji shi. "Ban shiga ba, wurin ibadarsu ne. Ƙararrawoyin suna can sama a hasumiya, manya-manya, wata ta fi tukunyar gidan biki. Kowace da igiyarta, kowace igiya da mutum guda yana ja. Kuma kowace da muryarta. Ƙaramar ce take farawa, siririya, sai mai bi mata, sai mai bi mata, suna gangarowa har kan uwarsu, wadda kake ji a ƙirjinka. Kamar ka zuba ruwa a saman matakala yana saukowa. Da sun kai ƙasa sai su koma sama. Can kuma sai su sauya jeri, wannan ta riga waccan, amma ba wadda take taka wata. Na tsaya ina ji har yatsun ƙafata suka mutu don sanyi."

Maigida ya juya sifana a hannu. Sannan ya ce, "To ta makaranta fa, da ake kaɗa wa yara?"

"Guda ɗaya ce. Kuma ba mai murna da ita sai in ta tashi ce."

"Ta wannan bawan Allah fa?" Ya nuna mai kananzir.

"Wannan talla ce."

"Ta keke?"

"Ita wannan me take cewa in ban da a kauce?"

Malam ya ce sai sun yi yawa, muryoyinsu sun bambanta, sun bi juna a jere, kuma a ce abin farin ciki ne ya sa aka kaɗa. Ya ƙara da cewa Bature yakan ari kalmar ya ba tsawa idan ta yi ta mirginawa a sama, yakan kuma ba dariya, irin wadda take fashewa ta cika gida. "Kamar wadda uwar ɗakina take yi in maƙwabciyarta ta shigo," ya ce, da ƙarfi don in ji. Uwar ɗakina yake ce mini, saboda waina. Kunya ta kama ni, na ja tiren shinkafa na koma ƙurya.

Na ɗauka maganar ta wuce. Kashegari da hantsi sai na ji ƙirrr, shiru, ƙirrr, shiru, daga rumfa. Maigida yana da wani tsohon gwangwanin man shanu cike da ƙararrawoyin da ya ciccire a jikin kekunan da suka mutu. Shekara da shekaru suna nan bai taɓa kula su ba. Ranar ya zazzage su a ƙasa yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, yana kara kunne. Ya leƙo madafa idonsa yana ƙyalli.

"Kin san ba muryarsu ɗaya ba? Ta Ingila daban, ta Indiya daban. Ji wannan. Yanzu kuma ji wannan."

"Na ji," na ce. "'Yarka ma ta ji, ga ta nan ta tashi."

Bai daddara ba. Ya sami wani guntun bututun ƙarfe ya ɗaure a kan katako, ya jera ƙararrawoyin a kai, daga mai siririyar murya zuwa mai kauri. Ya goge musu tsatsa, ya sa musu mai. Sai ya ɗauki sifana yana bugun su a jere, don ya ce idan aka danna da yatsa ƙarar tana yin tsawo ta shiga ta gaba. Malam ya saurara, kansa a karkace, ya ce an kama hanya, sai dai duk yara ne, babu uwa a cikinsu.

Ana cikin haka limamin ƙaramin masallacinmu ya biyo ta wurin. Tsoho ne ɗan Sakkwato, ba shi da yawan magana. Ya tsaya ya dubi katakon, ya ce ta keke dai an yi ta ne don kada a banke mutane, ba laifi, amma a tara su a zauna ana kaɗawa ba al'adar Musulmi ba ce, kuma nan Makka ne.

"Allah ya gafarta malam, karatu ne," in ji maigida.

"To a yi karatun a hankali."

Daga ranar katakon ya koma ƙarƙashin benci, sai jefi-jefi nake jin an ɗan taɓa shi.

Hajjin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Mu da muka saba ma sai mun jiƙa zane mun rataya a ƙofa. Ni ban fita aikin hajjin ba saboda goyo, maigida kuma ya zauna saboda ni. Malam ya koma cikin ayarin da suka zo tare, don a can takardunsa suke. Na ƙulla masa dabino da ƙuli-ƙuli, ya ɗaura harami, ya ɗauki lemarsa, ya ce in jiƙa shinkafar waina kafin ya dawo.

Kwanakin Mina suka ƙare, alhazai suka yi ta gangarowa gari, motoci cike, kowa ya yi baƙi ya rame. Malam bai dawo ba. Maigida ya je Jarwal ya tambayi 'yan ayarinsu. Suka ce tare suka tsaya Arfa, tare suka yi jifan farko, aka yi musu aski, a hanyar komawa tanti ne cunkoso ya raba su. Su sun ɗauka ya wuce wurinmu, mu kuma mun ɗauka yana wurinsu.

Ban taɓa ganin maigida haka ba. Ya rufe rumfa a lokacin da aka fi kawo aiki. Tun asuba yake hawa keke, sai magariba nake ganinsa, leɓensa a bushe. Ya bi asibitoci, ya bi tantunan da ba a kwashe ba a Mina, ya je har inda ake ajiye waɗanda Allah ya yi wa cikawa ba a san danginsu ba. Ranar da ya dawo daga can bai iya cin abinci ba. Ni kuwa kullum sai na share ɗakin Malam na cika butarsa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. A shekarar mutane da yawa rana ta buge, kuma kowa ya san ba duka suke tashi ba.

Wata rana bayan la'asar na ji ƙararrawar kekensa tun daga bakin titi, ba ƙaƙƙautawa. Ya jefar da keken a ƙofa ya faɗo gida.

"Yana nan! Yana da rai! Har ya yi mini gyara!"

Sai da na ba shi ruwa sannan labarin ya fito daidai. A wani asibiti ne da ya riga ya leƙa a baya. Rana ce ta buge Malam ya faɗi a gefen hanya, aka ɗauke shi da harami a jikinsa, ba takarda, ba tabarau, ba lema. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, kuma cikin zafin zazzaɓi Turanci yake ta yi, don haka duk wanda maigida ya tambaya ko an kawo wani Bahaushe sai ya ce babu. A wannan zuwan ne ya ci karo da wani likita ɗan Indiya, ya tattaro duk Turancin da ya koya ya zuba masa: dogo, tsoho, malami, abokina. Likitan yana jin Larabci sarai, da Larabcin ma suka ƙarasa maganar, amma maigida har ya tsufa yana cewa Turancinsa ne ya gano Malam. Da aka kai shi bakin gadon, don ɗoki sai ya gaishe shi da Turanci, gaisuwar safe. Malam ya buɗe ido, ya ce da Hausa, a hankali, "Azahar ta wuce. Ta yamma ake yi yanzu."

Likita ya ce a bar shi ya ƙara kwana biyu kafin a sallame shi. Tun a yammacin nan maigida ya jawo katakon daga ƙarƙashin benci ya hure masa ƙura.

"Malam ya ce sai da abin farin ciki," ya ce. "To ga shi ya samu."

"Liman fa?" na ce.

Ya sa hula ya tafi. Da ya dawo ya ce Liman ya ce shi ma tun da Malam ya ɓata bai fasa sa shi a addu'a ba. A yi da hantsi, nesa da lokacin salla, kada a ja abin, kuma shi bai ji ba bai gani ba.

Saura neman manya. Mai kananzir ya ce tasa tana nan, ta fi na keke kauri. Telan lungunmu ya kawo agogonsa mai ƙararrawa biyu a ka. Wata Bafulatana mai kiwon awaki a bayan unguwa ta kwance ta wuyan bunsurunta ta aiko. Masu kekuna suka ce za su jeru a jikin bango. Uwar ce aka rasa, mai shiga ƙirjin nan, sai da maƙwabciyata, 'yar Barno, ta ce a gwada turminta na tagulla da take dakan kayan ƙanshi. Muka rataye shi da igiya a bakin ƙofata, na buga masa 'yar taɓaryarsa a gefe. Ya yi wani gummm mai tsawo, har 'yata ta leƙo daga bayana tana neman inda abin ya fito.

"Ita ce," in ji maigida. "Ke ce ta ƙarshe."

Kashegari da hantsi muka gwada, abin ya ƙi. Kowa so yake a ji tasa. Mai kananzir ya saba da kaɗawa ba tsayawa, agogon tela kuma idan ya fara ba ya jin lallashi sai an danne shi da hula. Maigida ya yi ta faɗa da Hausa da Larabci: "Wahid wahid, jama'a! Ɗaya bayan ɗaya! Kada wani ya taka wani!" A ƙarshe aka shirya cewa zai bi nasa a jere da sifana, sannan ya riƙa nuna mutane da haɓa, wanda aka nuna ya kaɗa sau ɗaya ya tsaya.

Ranar da aka sallami Malam, tela ne ya tafi ɗauko shi a tasi, don maigida ya ce shi ba zai bar katakonsa ba. Agogon aka damƙa wa ƙanen tela, wani ƙato mai ɗaukar ruwa, da hula a ɗaya hannun. Mata suka cika ƙofofi. Ni ina bakin tawa, goyo a baya, taɓarya a hannu. Tasi ba ta shiga lungunmu, a bakin titi ta tsaya. Malam ya fito dafe da kafaɗar tela. Ya rame har jallabiyar da aka ara masa tana yawo a jikinsa, kai a aske, ido a ƙanƙance saboda rashin tabarau. Ban san lokacin da ƙwalla ta cika mini ido ba.

Maigida ya ɗaga sifana.

Zagayen farko ya fita. Wallahi ya fita. Siraran suka fara, suna bin juna ƙasa-ƙasa, ta bunsuru ta karɓa, agogo ya yi tasa aka danne shi, mai kananzir ya kaɗa sau ɗaya ya riƙe hannunsa da ƙyar, maigida ya juyo da haɓarsa wurina, na buga. Ƙarar turmin ta bi lungun har ƙarshe. Malam ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Zagaye na biyu ma ya kusa fita. A na uku agogon ya ƙwace, hular ta faɗi, masu kekuna suka ga ai an fara, kowa ya danna tasa. Mai kananzir ya koma irin kaɗawarsa ta talla. Jakinsa da yake tsaye a bakin lungu ya ɗauka tafiya ce ta zo, ya ja amalanke ya buɗe baki da kuka. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa. Ni ma na daina jiran a nuna ni, na yi ta dukan turmi. Wasu mata daga lungun baya suka fito da gudu da kwalabe a hannu, sun ɗauka kananzir ya zo. Na hango Liman a ƙofar masallaci ya juya mana baya, wai yana kakkaɓe tabarma, kafaɗunsa suna rawa.

Tela ya lallaɓo da Malam har benci ya zaunar da shi. A hankali ƙarar ta lafa, sai jakin da bai gama nasa ba. Malam ya rufe fuska da hannun jallabiya, jikinsa yana girgiza. Ba ka iya cewa kuka yake ko dariya, ina jin duka biyun ne.

Maigida ya durƙusa a gabansa. "Sannu da zuwa, Malam. Alhamdu lillahi alas salama. To ya ka ji? Shi ne?"

Malam ya goge fuska. Muryarsa ba ta fita sosai, sai da aka yi tsit. "Na farkon shi ne," ya ce. "Na ƙarshen kuwa, Bature yana da wata kalmar daban. Gobe zan koya maka."

Lungu ya kwashe da dariya. Sannan ya kama hannun maigida ya riƙe. "Wanda na ji a can ya fi wannan tsari nesa ba kusa ba. Amma a bakin hanya na tsaya na ji shi, na 'yar mai burodi ne. Ban taɓa zaton za a kaɗa nawa ba." Ya ƙanƙance ido yana nemana. "Uwar ɗakina, ke ce mai babbar?"

"Ni ce, Baba."

"Hannunki da nauyi. Ajiye ta ki dama mini kunu."

Kalmar ta zauna a lungunmu 'yan shekaru, da irin furucinmu. Malam ya gaji da gyara, ya ce a Mansur sunanta fil, ya sallama. Idan wani ya taso daga doguwar jinya, ko mace ta sauka lafiya bayan wahala, sai ka ji ana tambaya, "Za a yi fil?" Ba kullum ake yi ba, don Liman yana nan, kuma maigida ya ce idan aka cika yi zai zama talla.

Malam bai bar mu ba sai da sabuwar shekara ta kama, ya wuce Madina, daga can gida. Amma kafin nan akwai sauran aiki a kansa, don ya faɗi ne kafin ya sauko ya yi ɗawafin hajji da Safa da Marwa, kuma ƙafarsa ba za ta iya ba. Liman ya zauna da shi suka warware abin da ya kuɓuce masa a Mina, aka yanka rago. Ɗawafin kuwa, a lungunmu akwai mazan da sana'arsu ke nan, ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya a kan wani gadon katako, su ɗora a ka su zagaya da su. Da kansu suka zo suka ce ba wanda zai ɗauki Malam sai su.

Da sassafe muka tafi, kafin rana ta yi zafi. Alhazai sun ragu, Harami ya sami sarari. Suka zaunar da shi suka ɗaga sama, maigida yana gefe riƙe da gorar ruwa, ni ina baya cikin mata da 'yata a goye. Daga inda nake ina hango shi sama da kowa, ya ɗaga hannuwa, bakinsa yana motsi, masu ɗaukarsa suna tafiya a hankali ba kamar yadda suka saba sassarfa ba. Da aka gama komai suka sauke shi a inuwa, maigida ya ɗebo masa zamzam. Ya sha, ya zuba a kansa, ya ce in kwance yarinyar in miƙo ta. Ya shafa mata ruwan a fuska yana yi mata addu'a, ita kuma ta damƙi gemunsa da hannu biyu ta ƙi saki.